Kafin Ka Sayi Hedifon Na Gem: Mai Igiya, Bluetooth, Ko Lasifika?

Mutum zai shafe watanni yana tara kuɗi ya sayi PlayStation ko waya mai ƙarfin inji, ya nemo talabijin mai faɗi, sannan ya bar sautin wasan yana fitowa daga 'yar siririyar lasifikar da aka manna a bayan talabijin ɗin. Rabin aikin da aka yi wa wasan ke nan ya wuce shi bai sani ba.

Kiɗan gem ya daɗe da wuce zamanin tit-tit. A 1985, lokacin da Koji Kondo ya tsara kiɗan Super Mario Bros., layukan sauti biyar kacal na'urar Nintendo ta lokacin ke iya fitarwa, har ma idan Mario ya yi tsalle sai ƙarar tsallen ta ari ɗaya daga cikin layukan kiɗan. Yau kuwa makaɗa gomomi ake tarawa a manyan ɗakunan ɗaukar sauti irin Abbey Road na Landan domin wasa guda. A 2011 wata waƙa da aka rera da Swahili, wadda Christopher Tin ya tsara wa Civilization IV, ta zama kiɗan gem na farko da ya ci kyautar Grammy, kuma tun 2023 aka ware wa kiɗan gem rukuninsa na kansa a bikin. Abin da aka zuba wa dukiya irin wannan ya cancanci a ji shi da kyau, sai dai kasuwar kayan jin nasa cike take da ado da fitilu masu launi, kuma mafi yawan kuɗin da 'yan gem ke asara a nan yake tafiya.

Masu saye kashi biyu ne. Akwai mai buga PUBG Mobile, Call of Duty ko Free Fire, wanda damuwarsa ya ji takun abokin gaba, ya san daga hagu ne ko dama, sama ne ko ƙasa. Akwai kuma mai son wasannin labari, wanda ke so ya ji ɗan fiyanon da ke shigowa jefi-jefi a The Legend of Zelda: Breath of the Wild, ko rugugin gitar da Mick Gordon ya cika Doom na 2016 da shi. Masu talla suna so ka ɗauka kowanne da kayansa daban. Ni dai a ganina abu ɗaya ke biyan bukatun biyu: hedifon da bai cika bes ba, wato sautin nan mai kauri da ke dukan ƙirji. Yawancin waɗanda aka rubuta wa gem a kwali an tsara su ne domin fashewar bam ta girgiza kai, kuma wannan dukan bes ɗin shi ke binne taku, shi ke kuma dagula kiɗa har ka kasa raba goge da murya.

Amma kafin maganar daɗin sauti, a fara da abin da ya fi cin kuɗin mutane, wato yadda hedifon ɗin zai haɗu da na'ura.

Bluetooth yana da jinkiri. Sautin sai an matse shi, an aika, an warware, kuma a kan tsarin matse sauti na SBC da kusan duk kayan araha ke amfani da shi wannan kan ci kusan kashi ɗaya cikin biyar na daƙiƙa. Idan fim kake kallo manhaja na jinkirta hoton ya jira sautin, shi ya sa ba ka lura. A gem ba dama, domin hoton na bin yatsanka ne. Wasan da ke nuna hoto 60 a daƙiƙa, jinkirin milisakan 200 na nufin hotuna 12 sun wuce kafin ka ji ƙarar harbin da ka yi. A eFootball za ka ga ƙwallo ta bar ƙafa kafin ƙarar bugun ta iso. Wasu iyafis marasa igiya, har da na Oraimo da suka cika kasuwanninmu, suna da yanayin gem da ke rage jinkirin, kuma yana ragewa ɗin, amma lambar da aka buga a kwali ba ta haɗa da jinkirin da ita wayar ke ƙarawa ba. Ga wata matsalar da ba a faɗa wa mai saye: da zarar ka buɗe makirfo domin magana da 'yan tawagarka, Bluetooth na yau da kullum kan koma yanayin kiran waya, sautin ya dushe ya dawo layi ɗaya. Kiɗan ya mutu ke nan, sanin hagu da dama ma ya tafi.

Sai kuma dokokin da kowace na'ura ta gindaya. PS4 da PS5 ba sa karɓar hedifon ɗin Bluetooth na gama-gari kai tsaye. Xbox ma haka, kuma ita ta fi tsauri: ko na USB ne sai wanda aka yi da lasisinta, don haka hedifon mara igiya da ke aiki lafiya a PS5 da kwamfuta zai iya ƙin motsi a Xbox Series S. Nintendo Switch ta fito a 2017 amma sai a Satumban 2021 ta samu sautin Bluetooth, shi ma ba makirfo, kuma fad (abin da ake riƙewa a buga wasa) biyu kawai za ka iya haɗawa ba igiya muddin hedifon ɗin na kunne. Duk wanda ya shiga shago bai san waɗannan ba, zai iya dawowa gida da kayan da ba za su yi masa aiki ba, mai shago kuwa ba lallai ya karɓa ba.

Idan lallai ba ka son igiya, nemi mai ɗan kan USB da ake makalawa a jikin na'ura, wanda ke aiki da zangon gigahaz 2.4. Jinkirinsa kaɗan ne ƙwarai, makirfo kuma ba ya lalata sauti. Pulse 3D na Sony da ya fito tare da PS5 a Nuwamban 2020 irin wannan ne, a kan dala 100, kuma Xbox Wireless Headset da ya biyo baya a Maris ɗin 2021 a kan farashi ɗaya yana haɗuwa da Xbox kai tsaye ba sai da kan USB ba. Dukansu ba laifi, amma ba don daɗin kiɗa za ka saye su ba, don sauƙi ne. Sony ta sayi kamfanin ƙera hedifon na Audeze a 2023, daga baya ta fito da Pulse Elite a kan dala 150, wanda sautinsa ya fi tsabta nesa ba kusa ba. Abin da ke sa ni ja baya da duk wannan rukuni shi ne batir. Abu ne da sai an yi caji, a ƙasar da wuta ke zuwa lokacin da ta ga dama, kuma bayan 'yan shekaru batirin zai gaji alhali lasifikun ciki lafiyarsu ƙalau. Kan USB ɗin kuma ɗan mitsitsi ne. Ranar da ya ɓace, an shiga uku.

Mai igiya ba ruwansa da wannan duka. Fad ɗin PS4 da na PS5 suna da ramin iyafis mai milimita 3.5, na Xbox ma tun 2015 haka, Switch da Steam Deck kuwa a jikinsu ramin yake. Ka duba bakin igiyar ka ƙirga baƙaƙen zobba: biyu na nufin sauti kaɗai, uku na nufin har da makirfo. Kwamfutar tebur mai ramuka biyu daban tana bukatar 'yar igiya mai raba su. Wayoyin Tecno, Infinix da itel da yawa har yanzu suna da ramin, amma Apple ta cire nata tun iPhone 7 a 2016, manyan wayoyin Samsung ma suka bi sahu. A nan sai da mahaɗin USB-C, kuma ka tabbata mai ɗauke da ƙwaƙwalwar sauya sauti ne a ciki, domin na banza mai waya zalla ba ya aiki a wayoyi da dama. Na Apple dala 9 ne kuma sautinsa na da tsabta, sai dai a wasu wayoyin Android ƙararsa ba ta kai ƙarshe.

To wane irin mai igiya? Ga mai ƙaramin aljihu, ba abin da ya kai iyafis mai shiga cikin kunne irin waɗanda kamfanonin Sin suka ƙware a kai 'yan shekarun nan. Moondrop Chu da 7Hz Salnotes Zero sun fito ne a kan kusan dala 20, kuma zan iya cewa sun fi hedifon ɗin gem masu fitila da suka ninka su kuɗi iya fitar da kiɗa. Ana cewa araha ba ta ado, amma a nan adon ne ba a bukata. Suna toshe ƙarar janareta da ta fanka, ba sa sa gumi, suna shiga aljihu. Illarsu biyu: sautin kan zama kamar a cikin kanka yake, ba faɗi, kuma wasu kunnuwan ba sa jure roba a ciki na tsawon lokaci. Wajen saye ka zaɓi nau'in da igiyarsa ke da makirfo, domin akan sayar da su iri biyu.

Sai manya masu rufe kunne, waɗanda suka rabu gida biyu. Rufaffu, irin Audio-Technica ATH-M40x da M50x, ko Sony MDR-7506 da ke hannun ma'aikatan rediyo da masu ɗaukar sauti tun 1991, suna tare hayaniyar waje kuma ba sa damun na kusa da kai. HyperX Cloud II na 2015 yana cikin 'yan ƙalilan masu sunan gem da nake yaba wa, domin ƙirarsa na da ƙwari kuma ana iya cire makirfonsa. Matsalar rufaffu a wajenmu zafi ne. A watan Afrilu a Kano ko Sakkwato ko Maraɗi, matashin kunne na fatar roba zai jiƙa ka da gumi, kuma da ya daɗe sai ya fara ɓarewa yana bar maka baƙin garin roba a kunne da wuyan riga. Kafin ka biya kuɗi ka tambaya ko ana cire matashin a sauya, in da hali ka nemi na yadi.

Buɗaɗɗu kuwa, masu raga a baya, su ne sarakunan kiɗa. Philips SHP9500 ko Sennheiser HD 560S za su ba ka faɗin da kake jin makaɗa a zagaye da kai, iska kuma na ratsawa. A wasa irin Hellblade na 2017, wanda aka ɗauki muryoyinsa da dabarar da ke kwaikwayon yadda kunnuwa biyu ke ji, sai ka waiga kana neman mai yi maka raɗa. Amma buɗaɗɗen hedifon ba ya ɓoye komai: abin da kake ji na kusa da kai na ji, abin da ke waje kuma yana shigo maka. Idan janaretan maƙwabci na bayan tagarka, ko kana wasa da dare iyali na barci a ɗaki ɗaya, ka manta da shi. Ka kuma duba lambar om da ke jikin kwali, wadda ke nuna irin ƙarfin da hedifon ke bukata kafin ya yi ƙara. SHP9500 om 32 ne, fad ko waya za su iya tuƙa shi. HD 560S om 120 ne, zai yi amma ƙarar ba za ta yi yawa ba. HD 600 mai om 300, duk da sunan da ya yi, idan ka soka shi a fad sai ka yi zaton ya lalace, domin yana bukatar amfilifaya, na'urar ƙara ƙarfin sauti.

Wannan 7.1 na sauti mai zagaye kai da ake bugawa a kwali da manyan haruffa kuwa kada ya ruɗe ka. Kusan dukansu lasifika biyu ce a ciki, ɗaya a kowane kunne, sauran aikin manhaja ne. Kuma manhajar tana nan kyauta a na'urarka: sautin Tempest 3D na PS5 yana aiki da kowane hedifon da ka soka a fad, Xbox da Windows suna da Windows Sonic, mai son Dolby Atmos kuma zai iya sayen lasisinsa daban. Idan ka kunna na hedifon ka kuma kunna na na'ura, sai su yi karo sautin ya zama kamar daga cikin rijiya. Ɗaya ya isa, lokacin sauraron kiɗa zalla ma gara ka kashe shi.

Lasifika fa? Ga mai shagon gem ko gidan da ake taruwa a buga ƙwallo mutum huɗu, ita ce amsa, ba wanda zai raba wa jama'a hedifon. Ƙananan lasifikun tebur biyu masu amfilifaya a ciki, irin Edifier R1280T, sun fi dogon akwatin sautin da ake ajiyewa ƙarƙashin talabijin raba hagu da dama idan ka nisanta su da juna. Ka lura dai PS5 da Xbox Series ba su da ramin igiyar haske mai fitar da sauti da PS4 ta farko ke da shi, don haka sautin zai bi ta talabijin ne, ka duba irin ramukan da ke bayanta tukuna. Katuwar lasifikar biki mai caji da ke gida ma za ta yi, muddin da igiya ka haɗa ta ba da Bluetooth ba.

Farashin naira ba ya zama wuri ɗaya, shi ya sa na bar su a dala. Idan za ka shiga Farm Centre a Kano ko Computer Village a Ikeja, tafi da wayarka da mahaɗinta da kiɗan da kunnenka ya saba da shi, domin jabun manyan sunaye sun yi yawa kuma kwali ba ya nuna su. Ana cewa gani ya kori ji, amma a wannan ciniki ji ne ke korar gani. Ka saurari hagu da dama daban-daban ko ƙararsu ɗaya ce. Ka murza igiyar a wajen bakinta yayin da kiɗa ke tafiya, in ka ji tsatsa ko yankewa ka ajiye. Ka rage ƙara sosai ka ji ko muryoyi na nan a sarari, domin kowane tarkace na burgewa idan an ƙure shi, ƙurewar kuma ita ke cin kunne: Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa iyakar babban mutum a ƙara mai ma'aunin desibel 80 na awa 40 a mako. Sannan ka bar shi a kanka na 'yan mintuna kana ciniki, musamman idan kana sa tabarau, ka ji ko yana matse maka gefen kai. Wanda ake iya cire igiyarsa ya fi, ko da ya ɗan ɗara tsada, domin igiyar ce ke fara mutuwa, kuma sabuwarta ba ta kai kuɗin sabon hedifon ba.