Daga ƙofar aji ko daga ƙwallon duniya: ta ina za a fara wa yaran firamare labarin ƙasa da tarihi?

Malama, tambayarki ita ce an ba ki 'yan aji uku na firamare, darasi biyu a mako, ki koyar da labarin ƙasa da tarihin yankin da makarantar take, kin kuma rasa ta inda za ki ɓullo wa abin. Ki fara da abin da ke gaban yaran, wato aji da harabar makaranta da unguwa, ko ki fara da ƙwallon duniya da littafi, nahiyoyi da tekuna, sannan ki gangaro gida? Ga hanyoyin biyu kafaɗa da kafaɗa, da inda kowacce ke tuntuɓe.

Ta farkon ta daɗe. Pestalozzi, malamin nan na ƙasar Suwizalan da ya riƙe makaranta a Yverdon daga 1805, yakan fita da ɗalibansa zuwa wani kwari kusa da garin, su ƙare masa kallo, su ɗebo yumɓu su dawo su gina siffar kwarin a kan tebur. Sai sun yi haka kwana da kwanaki sannan ake nuna musu taswira. A Amurka kuma Paul Hanna na jami'ar Stanford ya tsara abin hawa-hawa: iyali, makaranta, unguwa, gari, jiha, ƙasa, duniya. Ta biyun ta samu ƙarfi daga masu sukar wannan tsari, irin su Diane Ravitch, masaniyar tarihin ilimi a Amurka, wadda a 1987 ta yi ƙorafin ana cinye shekarun farko na yaro wajen koya masa abin da ya riga ya sani. Maganarta kuwa akwai ƙamshin gaskiya. Ɗan shekara takwas ba ya bukatar darasi uku kafin ya san aikin likita ko na direba.

A taƙaice, ta kusa tana koya wa yaro yadda ake karanta taswira da yadda ake bin diddigin labari. Ta nesa tana cika masa kai da wurare da mutanen da ba zai taɓa tsinta a unguwa ba. Ba aiki ɗaya suke yi ba, shi ya sa gardamar ba ta ƙarewa.

Wajen karanta taswira, ta kusa ta yi wa ta nesa fintinkau. Babban abin da ke wahalar da yaro a taswira shi ne kallo daga sama. Ki ce su zana aji, za ki ga tebur da ƙafafunsa huɗu, allo a tsaye, malama na murmushi a gefe. Hoto suka yi miki. Maganinsa a darasin farko: a ajiye kofi da ƙaramin kwali da abin goge allo a ƙasa, yara su tsaya a kansu su leƙo, sannan a ɗora kowanne a kan takarda a zagaye gindinsa da fensir. Kofi ya koma da'ira, kwali ya koma murabba'i. Yaron da ya ga wannan da idonsa ya kama bakin zaren.

Darasi na gaba, awo. A sa yaro mafi tsayi da mafi gajarta su auna tsawon aji da taku. Ɗaya zai ce goma sha uku, ɗaya ya ce goma sha bakwai, gardama ta kaure, kuma gardamar ake nema. Daga nan ki fito da tef ɗin awo. A ce ajin mita 8 ne da mita 6. Idan kowace mita ta zama santimita 2 a takarda, zanen zai fito santimita 16 da 12, ya zauna daidai a kan takardar A4. Wannan shi ne ma'aunin 1:50, amma kada ki faɗi sunan tukuna, ki bari sai aji biyar. Ga 'yan aji uku, littafin lissafi mai gida-gida ya wadatar: gida biyu, mita ɗaya. Kuskuren da aka fi yi a nan shi ne a auna bango da kyau, a zana tebura da ka, sai tebur ɗaya ya cinye rabin aji. Ki sa a auna tebur guda tun farko, a yanka ƙananan takardu daidai girmansa a ma'aunin, yara su jera su kafin su manna.

A hanyar nesa kuwa, yaro yana iya nuna miki nahiyoyi bakwai da yatsa cikin mako biyu, ya rera su kamar waƙa, alhali bai san abin da launin shuɗi ke nufi ba sai don an faɗa masa. Ga kuma wata ɓarna da taswirar bango ke yi: tun da kullum a rataye take, yara suna ɗauka arewa ita ce sama wajen gajimare, kudu kuma ƙasa. Sai ka ji yaro ya rantse kogi ba ya gudu zuwa arewa don ruwa ba ya hawa. Kogin Nilu kuwa daga kudu yake tahowa ya faɗa Bahar Rum a arewa. Ki sauke taswirar, ki shimfiɗa ta a ƙasa, ki juya ta har arewarta ta fuskanci arewa ta gaskiya.

Gano arewar ma aikin waje ne. A kafa sanda mai tsawon mita ɗaya a tsaye cak a fili, a riƙa sa tsakuwa a ƙarshen inuwarta duk bayan rabin awa daga hantsi zuwa bayan tsakar rana. Inuwar da ta fi gajarta tana kwance ne a kan layin kudu da arewa, kuma ba lallai ta faɗo ƙarfe goma sha biyu daidai na agogo ba. Kada a dogara da fitowar rana kaɗai, domin ba ta fitowa daga gabas sak sai wajejen 20 ga Maris da 23 ga Satumba. Sauran shekara tana karkata arewa ko kudu. Idan akwai kamfas, na'urar da allurarta ke nuna arewa, a nisanta shi da tebur na ƙarfe da wayar hannu, don suna jan allurarsa. Kuma a ja wa yara kunne kada kowa ya kalli tsabar rana.

Inda ta nesa ke rama wa kanta shi ne siffar duniya da girmanta, abin da yawon unguwa ba zai taɓa koyarwa ba. Yara da yawa za su ce miki duniya a dunƙule take don haka aka faɗa musu, amma ki ce su zana inda mutane ke zaune, sai wani ya zana faifai, wani ya zana ƙwallo da mutane a cikinsa. Wannan sai an riƙe ƙwallon duniya a hannu, an manna ɗan mutum na takarda a sama da ƙasa da gefe, an nuna cewa “ƙasa” a ko'ina tana nufin wajen tsakiyar ƙwallon. Da tocila a ɗaki mai duhu kuma a ga dare da rana. Ki jefa wa yara ƙwallo mai zanen duniya irin wanda ake hurawa, duk wanda ya cafe ya faɗi ko babban yatsansa na dama a ruwa ya sauka ko a tudu, a riƙa yin maki a allo. Bayan jifa hamsin ruwa zai yi rinjaye sosai, domin kusan kashi 71 cikin ɗari na doron duniya ruwa ne.

Sai dai a yi hattara da shimfiɗaɗɗiyar taswira. Irin wadda mai zanen taswira Mercator ya fitar a 1569 don matuƙan jiragen ruwa tana kumbura ƙasashen da ke can ƙuryar arewa da kudu, har Girinlan, tsibirin can ƙuryar arewa, ta yi kamar ta kai Afirka, alhali Afirka ta ninka ta kusan sau 14. Ki yanka tsohon ƙwallon roba, ki ce su baje shi a tebur ba tare da ya yage ko ya miƙe ba. Ba zai yiwu ba, kuma sun fahimci dalilin ke nan. Ƙwallon duniya tukuna, shimfiɗaɗɗiya daga baya.

Akwai matsala guda da hanyoyin biyu suka yi tarayya a kanta. A 1951 Piaget, masanin tunanin yara, ya tarar ƙananan yara a birnin Janeba na ƙasar Suwizalan suna cewa su 'yan Janeba ne, saboda haka ba 'yan Suwizalan ba ne, kamar wurare biyu ne a jere. Yaranki ma za su yi haka da garinsu da ƙasarsu. Kwalaye biyar masu shiga cikin juna suna warware shi: gida a cikin unguwa, unguwa a cikin gari, gari a cikin ƙasa, ƙasa a cikin nahiya.

Sai tarihi. A wurin ɗan shekara takwas, “da” dunƙule ɗaya ne, kakarsa da Fir'auna duk zamaninsu guda. Littafi ba ya gyara wannan, igiya ke gyarawa. Santimita ɗaya, shekara ɗaya. Rayuwar yaron santimita 8 ce, tsawon ɗan yatsa da ɗan ƙari. Tsoho mai shekara 70, santimita 70. Shekara ɗari, mita ɗaya. A maƙala katin shekarar da aka gina makarantar, da na gini mafi tsufa a yankin. Sannan ki ce a je a maƙala katin babban dalar Giza ta Masar, mai shekara wajen 4,500. Mita 45 ke nan, dole a fita daga aji a tsallaka fili ana warware igiya. A nan hanyoyin biyu suka haɗu a kan kirtani ɗaya, kuma a ganinmu darasi ne da ya cancanci a ba shi mako guda cur.

Hira da manya ita ce ƙashin bayan hanyar kusa, da ɗan gari akan ci gari, amma tana da tarko. Tambaya irin “yaya rayuwa take a da?” wa'azi kawai take jawowa. A ba yara tambayoyi da ba su wuce biyar ba, kowacce a kan abu takamaimai: me ke wurin nan kafin a yi wannan titi, da me ake zuwa gari mafi kusa kuma awa nawa ake yi, wane wasa kuke yi kuna kamar mu. Za a dawo da amsoshi masu karo da juna, wannan ya ce shekara kaza aka yi gadar, wancan ya musa. Kada ki yi saurin raba gardama. Ki tambaye su wa ya gani da ido, wa aka ba labari, kuma ko akwai tsohon hoto ko rubutu a jikin gini da zai raba mu. Tarihi ke nan, a matakin da ɗan aji uku zai iya ɗauka.

Abu biyu a kiyaye. Kada a tilasta wa kowa zana salsalar iyalinsa, domin akwai marayu da 'yan riƙo da baƙin da suka zo bara. A ce kowa ya tambayi “wani babba da ya sani”. Na biyu, tarihin yanki ba ya rasa tsohuwar rigima ta fili ko ta wa ya riga wa zuwa, kuma jikokin ɓangarorin biyu suna zaune a benci ɗaya a ajinki. Ki tsaya a kan hanyoyi, gine-gine, ruwa, sana'o'i da wasanni. Tarihin nesa ba shi da wannan haɗari, ga labarai masu daɗi a shirye, amma a can yaro mai sauraro ne kawai, babu abin da zai iya bincikawa da kansa.

Ta fuskar wahala, gaskiya ta nesa ta fi sauƙi: littafi, taswira, ƙwallo ɗaya, kuma tana shiga jarrabawa cikin ruwan sanyi. Fita waje tana son izinin shugaban makaranta da na iyaye, babba ɗaya ga kowane yara shida zuwa takwas, tafiyar da ba ta wuce kilomita ɗaya ba, wuraren tsayawa uku, awa ɗaya. Ki bi hanyar ke kaɗai kwana ɗaya kafin ranar. Kowane yaro ya riƙe kati mai aiki uku: abin ƙirgawa, abin zanawa, abin tambaya. Fitar da babu kati yawo ne, za su dawo ba su tuna komai ba sai karen da ya yi musu haushi. Idan ajin ya yi yawa ko titin ba shi da aminci, harabar makaranta da hoton unguwar daga sama, wanda za a iya bugowa daga Google Earth, sun isa.

Shawararmu, ki fara da kusa amma kada ki daɗe a can. A zango mai mako 12 kina da darasi 24. Shida na farko na taswirar aji da harabar makaranta da gano arewa. Daga na bakwai ƙwallon duniya ya shigo, kuma duk abin kusa da aka duba a ba shi abokin tafiya na nesa: rafin da ke yankin da Nilu, tudun da ake hangowa da dutsen Everest mai tsayin mita 8,849, tsohon ginin gari da dalar Giza. A ware huɗu don igiyar shekaru da hira, biyu don fita da abin da ya biyo bayanta.

Don gwaji a ƙarshen zango, ki zana taswirar wani gari da ke kika ƙirƙiro shi, da kibiyar arewa da fassarar alamomi da ma'auni, ki karkatar da kibiyar gefe da gangan. Tambayi abin da ke gabas da gada, mita nawa ne daga makaranta zuwa asibiti, da kuma wane gini suke zaton ya fi tsufa da dalilinsu. Waɗanda suka kasa amsa tambayar farko yawanci saman takarda suka ɗauka arewa, su ki koma da su wajen sanda da inuwa.