Tacewa ta inji ko ta wuri da lokaci: wanne lissafin ƙasa za ka kai wa konsoltan?

Salam Injiniya, na ga tambayarka tun jiya da daddare amma ban samu zama ba sai yanzu. In na fahimce ka daidai, kuna ciko ne a wani yanki na hanya, kuna da buldoza ɗaya, gireda ɗaya da rola biyu masu GPS duk suna tura bayanai zuwa manhajar WorksOS ta kamfanin Trimble, da ka tace bayanan inji-inji ka haɗa jimla sai ka samu adadi daban da wanda ya fito lokacin da ka zana iyakar wurin ka sa kwanan wata kawai, shi ne kake tambaya wanne za ka kai wa konsoltan, wato injiniyan da ke duba aikin a madadin mai aikin. Toh a taƙaice na biyun za ka kai. Amma bari in ajiye maka su gefe da gefe don kar gobe abin ya sake rikita ka, domin manhajar ba ƙarya ta yi maka ba, tambaya biyu ka yi mata ita kuma ta amsa kowacce da amsarta.

Sai ka fara sanin yadda take ajiye bayanan kafin maganar tacewa ta zauna maka. Manhajar tana yanka filin aikin gaba ɗaya zuwa ƙananan murabba'ai, kowanne bai kai rabin mita ba, duk sanda wuƙar buldoza ko ta gireda ko gangar rola ta bi ta kan murabba'i sai a rubuta cewa inji kaza ya wuce nan da ƙarfe kaza, tsayin ƙasa kaza, gaba yake tafiya ko ribas, siginar GPS ɗinsa mai kyau ce ko a'a, in rola ce girgiza a kunne take ko a kashe. Kaga kenan murabba'i ɗaya zai iya tara rubutu hamsin ko ɗari a sati, a jere kamar littafin bashi. Tacewa ba komai ba ce illa ka ce wa manhajar wane layi za ta karanta a littafin nan wane za ta tsallake. Haka tsarin yake tun zamanin VisionLink na haɗin gwiwar Caterpillar da Trimble, kuma masu aiki da Sitelink3D na Topcon ko ConX na Leica ko Smart Construction na Komatsu in sun duba za su ga sunayen maɓallai ne suka bambanta amma tunanin kusan ɗaya ne.

Yanzu in ka tace ta inji, misali ka zaɓi buldoza kaɗai, manhajar za ta rufe ido daga duk abin da gireda da rola suka rubuta, ta gina maka fuskar ƙasa da wucewar buldozar kawai. Matsalar ita ce wucewar buldoza ta ƙarshe ba ita ce wucewa ta ƙarshe a ƙasa ba. Ta baza burji ta bar shi a sake, tsayinsa ya ɗara inda zai tsaya, gireda ta zo ta share ta daidaita, rola ta zo ta danne ya sauka. In kuwa ka zana iyakar wuri ka sa lokaci ka bar duk injina a buɗe, kowane murabba'i zai ɗauki wucewar da ta fi kowacce zama ta ƙarshe ko ma wane inji ne ya yi ta, wannan shi ne ya fi kusa da abin da safiyo, wato mai awon ƙasa, zai samu in ya kafa kayansa a wurin da yamma.

Ga kuma inda jimlarka ta kumbura. Ƙasar da buldoza ta baza ita ce dai gireda ta bi ta kai, ita ce rola biyu suka danne, in ka ɗauki adadin kowanne ka haɗa to ka ƙirga burji ɗaya sau biyu ko uku, wani wurin ma rolar za ta nuna maka kamar yanka aka yi saboda ƙasa ta sauka a ƙarƙashinta alhali ba a kwashe ko shebur ɗaya ba. Bari mu yi lissafi mai sauƙi, a ce yankin naku tsawon mita 500 ne faɗin mita 12, wato murabba'in mita 6,000, shimfiɗa ɗaya mai kaurin santimita 15 bayan dannewa za ta ba ka kubik mita 900. In fuskar da ka gina da buldoza kaɗai ta ɗara ta gaskiya da santimita 5 kacal, ka ƙara kubik 300 da babu su a ƙasa, kashi ɗaya cikin uku kenan na aikin. Wallahi duk konsoltan da ya san aikinsa zai kama wannan ranar da ya turo safiyonsa, kuma daga ranar ko gaskiya ka kawo sai ya yi mata kallon tuhuma, abin da nake jiye maka kenan fiye da kuɗin.

To kar ka ɗauka tacewa ta inji ba ta da amfani, tana da shi sosai, wurinta ne daban. Ita ce za ta gaya maka ina gireda ta yini, ƙarfe nawa ta fara ƙarfe nawa ta tsaya, ko opareta yana kunna otomatik ko da hannu yake ta fama, ko rola ta biyu tana bin gefen hanya ko kullum tsakiya take maimaitawa tana barin kafaɗa. In injin haya ne kuna biyan awa ko yini, nan za ka duba. Sannan babban amfaninta a wurina shi ne kamo injin da ke ba da tsayi na ƙarya. Bakin wuƙar gireda yana cinyewa, musamman a marmara mai tsakuwa, in ba a sake auna shi an gyara a akwatin injin ba sai ya riƙa rubuta tsayin da ba shi ne ba, kuma in duk injina a haɗe suke ba za ka gane ba, sai dai ka ga taswirar ta yi dabbare-dabbare. Amma da ka ware su ɗaya bayan ɗaya a wuri guda sai mai laifin ya fito fili. Na taɓa kwana biyu ina zargin safiyonmu a wani aiki ashe wuƙa ce ta cinye ba wanda ya duba, tun daga nan na ɗora wa foman dokar kowane inji ya ɗora wuƙarsa a kan alamar da muka san tsayinta kowace safiya kafin ya shiga aiki.

Ta ɓangaren dannewa kuwa abin ya fi haɗari, a nan dukkansu biyun za su iya yaudararka in ka yi sakaci. A ce ƙa'idarku wucewa 8 ce, rola biyu suna aiki a shimfiɗa ɗaya kowacce ta yi 4, in ka tace ta rola ɗaya taswirar za ta nuna aiki bai kai ba ka sa a ƙona gas a banza. Wannan asara ce amma mai sauƙi. Wadda ta fi muni tana ɓangaren tacewa ta wuri, in ka zana iyaka ka manta ba ka ware shimfiɗa ko ka matse kwanan wata ba, manhajar za ta haɗa wucewar shimfiɗar makon jiya da ta yau ta nuna maka ko'ina ya cika ƙa'ida, alhali shimfiɗar saman sau uku kawai aka bi ta. Irin wannan ba ya nuna kansa sai damina ta sauka hanya ta fara lotsawa. Don haka in dannewa kake dubawa ka zaɓi rololin biyu tare, ka cire buldoza da gireda, ka ware shimfiɗar, ka bar wucewar da girgiza ke kunne kaɗai in ƙa'idarku ta girgiza ce, domin rolar da ke komawa wurin fakin da yamma ita ma ana rubuta mata wucewa. Kaga a nan ba zaɓen ɗaya ake yi a bar ɗaya ba, haɗa su ake yi.

Tunda mun zo nan bari in ɗan ratse, lambar CMV da rola ke nunawa, wato ma'aunin tauri daga girgizar ganga, tana jin taurin ƙasa har zurfin wajen mita ɗaya, ita kuwa MDP ta Caterpillar, mai auna tauri daga ƙarfin da rola ke kashewa wajen mirginawa, santimita 30 zuwa 60 take ji, shimfiɗarka kuma santimita 15 ce, kenan duk biyun suna jiyo abin da ke ƙasan shimfiɗar ba ita kaɗai ba. Suna da kyau wajen nuna maka inda ya yi laushi don ka tura masu gwaji can, amma ba su maye gurbin gwajin yashi da 'yan lab ke yi don auna dannuwar ƙasa ba, kuma ba na ba ka shawarar ka yi jayayya da konsoltan a kan haka.

Raunin tacewa ta wuri da lokaci shi ne ta dogara da mutane fiye da ɗayar. Sunan inji ba ya canzawa, yana nan a akwati. Amma lambar shimfiɗa da sunan dizayin opareta ne ke zaɓa a cikin inji, in ya manta bai canza daga shimfiɗa ta 3 zuwa ta 4 ba duk aikin yinin zai tafi ƙarƙashin ta 3, kai kuma ka tace ta 4 ka ga wayam ka ɗauka bai yi komai ba. Iyakar da ka zana ma in ta ɗan shiga hanyar da injina ke bi zuwa ramin ɗibar burji ko inda ake jibge kaya sai ta kwaso abin da ba na wurin ba, shi ya sa a aikin hanya na fi son a tace da ceneji, wato lambar nisa a tsawon hanya, daga kaza zuwa kaza da faɗin hagu da dama, ya fi zanen hannu tsafta kuma shi ne yaren da takardar biyan kuɗi ke ji. Sai maganar lokaci, ka tabbata an saita aikin a agogon Najeriya wanda ke gaban agogon duniya na UTC da awa ɗaya, in ba haka ba masu aikin dare za su ga wani ɓangaren aikinsu ya faɗa ranar da ba tasa ba. Kuma inda netwok ke wahala bayanan kan makale a inji sai ya samu sabis ko a kwaso da filash, shi ya sa adadin jiya kan canza yau, kar ka fitar da rahoto sai ka ga kowane inji ya gama turawa.

Akwai abin da duk biyun ba sa gani, shi ne injin da ba shi da na'urar. Tifofi da tsohuwar katafilar da aka ɗauko haya ba sa rubuta komai, kuma a yawancin wuraren aikinmu su ne suka fi yawa. In tifa ta juye kaya ba inji mai GPS da ya bi ta kai, a wurin manhajar ba a yi komai ba. Haka in ba ka shigar da awon asalin ƙasa da safiyo ya yi kafin a fara aiki ba, ba ta da abin da za ta kwatanta wucewar farko da shi, sai cikon farko ya ɓace a lissafi. Maganinsa ka riƙa shigar da awon safiyo ko na jirgi mara matuƙi da kwanan watansa daidai, ya cike guraben. Kuma kar ka yi tsammanin ƙirgen tifa zai yi daidai da na manhaja, tifa sakakkiyar ƙasa take ɗaukowa manhaja kuma dannanniya take aunawa.

Zaɓin tsayi ma yana canza amsa ko da sauran duk daidai suke. A ciko wucewa ta ƙarshe za ka zaɓa. In wata rana kuka sa eskabeta a yanka to mafi ƙasƙanci za ka zaɓa, don bokiti yana sauka yana tashi kuma inda ya fi nutsewa shi ne gindin ramin. Siginar GPS mara kyau kuma ka cire ta a lissafin kubik, irin wadda ake samu in inji ya yi nisa da tashar gyaran sigina ko rediyo ya yanke. Abu ɗaya da tacewa ba za ta taɓa gyara maka ba shi ne in dizayin an yi shi a kan ma'aunin Minna, tsarin awon taswira na Najeriya, injina kuma suna karanta WGS84 na GPS ba a daidaita su da alamomin filin ba, wannan sai safiyo ya koma ya gyara daga tushe.

Don haka gobe in ka zauna, ka sa ceneji na yankin, ka sa ranar da aka fara shimfiɗar zuwa ranar da aka gama, ka bar duk injina a buɗe, wucewa ta ƙarshe, sigina mai kyau kaɗai, ka kwatanta da awon da aka yi kafin shimfiɗar, ka adana wannan saitin da suna don kowane wata da shi za ka riƙa fitarwa ba kana canzawa ba. Sannan ka sa safiyo ya ɗauki tsayi a wurare goma ko sha biyar cikin yankin ka gwada da abin da manhajar ta nuna a daidai wuraren. In bambancin bai wuce abin da ƙa'idar aikinku ta yarda ba ka kai takardarka, in ya wuce sai ka koma tacewa ta inji ka fara da giredar.