Na'urar karanta kati ta USB: tana sa hannu, amma ta kasa buɗe saƙo

Babban amfanin wannan na'ura a kwamfutar gida shi ne raba mabuɗin sirri, wato lambar da ake sa hannu ko buɗe saƙo da ita, da kwamfutar. In mabuɗin yana cikin kati mai cif, ba ya fita. Kwamfuta ce ke aika wa katin aiki, shi kuma ya yi lissafin a cikinsa ya maido amsa. Da haka ake sa hannu a takardar PDF, a shiga sabar ta SSH (hanyar shiga wata kwamfuta daga nesa cikin tsaro), a buɗe imel ɗin da aka kulle.

Da farko ta burge ni. Tana bin ƙa'idar CCID, wadda masu karanta kati na USB ke bi, don haka Windows ta gane ta ba tare da an saka direba ba, a Linux kuwa manhajar pcscd ake kunnawa. Da an zura kati, umarnin pcsc_scan zai nuna ATR, wato lambobin da kati ke gabatar da kansa da su. In ba su fito ba, a juya katin ko a goge zinariyar da busasshen ƙyalle.

Ɓacin raina ya fara ne da na saka katin OpenPGP, wato katin kulle saƙo da sa hannu, mai nau'in mabuɗin da ake kira RSA 2048. Sa hannu yana tafiya lafiya lau, shiga SSH ma haka. Amma da an zo buɗe saƙon da aka kulle, sai manhajar ta karɓi PIN sannan ta ce an sami kuskure. Duk wanda ya ga haka zai zargi katin ko mabuɗin, alhali laifin na'urar ne. Umarnin da ake aika wa kati, wanda ake kira APDU, iri biyu ne, gajere da dogo. Gajeren ba ya ɗaukar bayanin da ya wuce bayit 255. Sa hannu taƙaitaccen lissafin takardar kawai yake aikawa, bayit 51 in da tsarin lissafi na SHA-256 aka yi shi, don haka yana wucewa. Buɗe saƙo kuwa sai an tura bayit 256 na abin da aka kulle, da ƙarin bayit 1 a gabansa, 257 ke nan. Bayit 2 kacal suka hana aikin. Wannan na'ura gajeren umarni kaɗai ta iya, kuma ko a kwali ko a takardar ciki ba a faɗa ba. Wannan ɓoyewar ce ta fi ƙona min rai. Mafita sai in katin da manhajar sun iya aika umarni kashi-kashi, kuma ba kowane kati ne ya iya ba. Mai Linux ya gwada umarnin lsusb -v, ya duba ƙarƙashin dwFeatures: in an ambaci kalmar TPDU ko dogon APDU, an tsira daga wannan matsala.

Duk da haka ban jefar da ita ba. Tana ba da wuta 5V, 3V da 1.8V, don haka da firam ɗin da ke mayar da SIM girman cikakken kati ana kwafe lambobin wayar da ke ajiye a kansa. Katin banki kuwa kada ka sa rai. Za ta karanta ɗan bayanin da ke fili, amma ba za ta mayar da kwamfutarka POS ba. Katin da ake karawa a jikin na'ura, mai aiki a 13.56 MHz, shi ma ba ta san da zamansa ba.

Sai kuma rashin madannan PIN a jikinta, wanda na ɗauka ƙaramin abu ne, yanzu kuwa yana damuna. PIN ɗin ta allon madannan kwamfuta yake bi, ke nan muguwar manhaja mai naɗar rubutu za ta iya ɗauke shi, ta yi amfani da katin muddin yana ciki. Ka zare shi da ka gama. Ka kuma kiyaye: kuskure 3 a jere katin OpenPGP ke kullewa, sai da PIN ɗin mai gudanarwa ko lambar sake saiti ake buɗe shi.

Ga mai son sa hannu a takardu da SSH kaɗai, ta wadatar. Mai buɗe imel da RSA ya nemi wadda aka rubuta ƙarara tana ɗaukar dogon APDU, mai madannai a jikinta.