MGB ko Mazda MX-5: wacce za ka farfaɗo da ita?

Mai sha'awar tayar da tsohuwar mota mai rufin tamfol yakan tsaya tsakanin waɗannan biyun.

MGB 'yar Ingila ce, an ƙera ta a Abingdon daga 1962 zuwa 1980, sama da 500,000 aka yi. Injinta lita 1.8 ne, da kafireto, babu kwamfuta ko ɗaya. Da sifana da haƙuri za ka kwance ta ka ɗaura, kuma har yau ana ƙera kayan gyaranta, hatta sabon bodi. Matsalarta tsatsa. Tana cin ƙarfen ƙasan ƙofofi, wanda shi ke riƙe motar tunda ba rufin ƙarfe, kuma aikin walda a nan yana cin kuɗi sosai. Wayoyin wutarta ma sai an bi su ɗaya bayan ɗaya.

MX-5 ta Japan, wadda ta fito a 1989, injinta ba ya yawan ba da wahala. Ita ma tana tsatsa idan magudanar ruwan tamfol ta toshe, don haka leƙa ƙasanta kafin ka biya.

Mai son hawa da wuri ya ɗauki Mazda. Ni dai MGB zan zaɓa, domin gyaran da hannuna nake so.