Jaka 25 na biya na shiga horon malaman fanfar a Garwa, ga yadda ta kaya

Tunda mutane sun dame ni da tambaya a WhatsApp wai horon nan da muka je ya biya kuɗinsa ko ko a'a, bari in rubuta sau ɗaya kowa ya karanta in huta. Ni dai malamin lissafi ne, ba makaɗi ba, fanfar ɗin lise ɗinmu, wato ƙungiyar masu busa da ganga ta sakandarenmu, ta faɗo hannuna ne shekara huɗu da suka wuce lokacin da aka yi wa mai riƙe da ita canjin wajen aiki, provizo, shugaban makarantar, ya kira ni ofis ya ce Malam kai ne ka taɓa busa begila kana yaro ko, to ga makullin sito. Shi ke nan fa. Haka yawancinmu muka zama "shef ɗin fanfar" a arewacin Kamarun nan, ba wanda ya koya mana komai, sai ranar 11 ga Fabrairu ta matso, bikin matasa, ko 20 ga Mayu, ranar bikin ƙasa, sannan kowa ya tuna akwai ka, a ce yaranka su fito defile, wato fareti, kada su ba makaranta kunya gaban gwamna.

Horon wata cibiya ce mai zaman kanta ta shirya shi, ba zan faɗi sunanta ba don akwai abubuwan da zan yi ƙorafi a kai kuma ba na son a ce na ɓata wa mutane kasuwa. Kwana shida ne, Litinin zuwa Asabar, cikin babban hutu a watan Agusta, a wata makaranta da suka ara nan cikin Garwa. Kuɗin shiga jaka 25 na sefa, ni daga aljihuna na ciro, na nemi a ba ni daga kuɗin ƙungiyar iyayen yara aka ce in bari sai an dawo hutu, kun san ma'anar wannan. Mun kai mu talatin da 'yan kai, akwai na Marwa, na Ngaundere, Gider, Pitowa, har da wasu bayin Allah biyu daga Lere ta Cadi, su sun zo a gajiye don ba su jima da gama nasu faretin na 11 ga Agusta ba, ranar 'yancin ƙasarsu.

Ranar farko wallahi na kusa neman a mayar min da kuɗina. An ce takwas, ba a fara ba sai goma da rabi, sannan wani matashi da ya zo daga Yawunde ya kunna projekta ya yi ta nuna mana hotunan makarantun Amurka da Faransa, yara ɗari da kaya iri ɗaya, kowa da abin busansa yana ƙyalli, yana mana bayanin yadda ake jera masu klarinet da masu saksofon a fili. Na waiga na kalli na Gider da ke gefena, shi ma ya kalle ni. Ni a sitona trompet uku ne, ɗaya daga cikinsu ba ta busuwa, begila biyar, trombon ɗaya da ya lanƙwashe, ƙananan tambura huɗu, babbar ganga ɗaya da sambal wanda gefensa ya tsage. Ina ruwan biri da gada. Ana cikin haka wuta ta ɗauke, projekta ya mutu, kuma ni dai a wajena nan ne horon ya fara.

Don da wutar ta ƙi dawowa sai suka turo wani dattijo wanda da shi aka sa ranar Alhamis, tsohon mai busa ne a fanfar ɗin soja ya yi ritaya, kowa Baba yake ce masa. Bai zo da takarda ko ɗaya ba. Bokiti ya sa aka kawo da ruwa mai ɗumi da sabulu, ya ce wa ya zo da trompet ɗin da ta mutu, na miƙa tawa. Ya kwance piston ɗin guda uku, maɓallan nan da ake dannawa da yatsa, ya ɗaga ɗaya sama ya shinshina ya ce "ɗana, man gyaɗa yaranka suke sa mata ko?" Aka fashe da dariya, ni kam kunya ta kama ni don gaskiya ne, ni ma da kaina na taɓa sa wa. Ya ce man girki yana daskarewa ya kama ƙura ya zama kamar ƙaro, ga ƙurar hunturu a Janairu daidai lokacin da muke atisaye, shi ya sa piston ke maƙalewa ana tsakiyar taken ƙasa. Ya wanke ta tas a gabanmu, ya ja kunnenmu kada a yi da tafasasshen ruwa don yana ɓare fentin jikinta, sannan ya nuna mana abin da ni shekara huɗu ban taɓa lura da shi ba, ashe kowane piston da lambarsa a jiki, 1, 2, 3, in ka sa na biyu a ramin na uku ko ka juya shi ba daidai ba iska ba za ta wuce ba sam. Trompet ɗin da na rubuta wa provizo takarda cewa ta lalace a sayo sabuwa, lafiyarta lau, wani yaro ne ya musanya su tun bara. Baba ya ɗiga mata mai ya busa, ajin ya yi tsit.

Wannan darasin kaɗai ya fanshi jaka 25 ɗina. Ya koya mana in bakin busa ya maƙale kada a sa filaya a murɗa, bututun ne zai karkace, a ɗan bubbuga gefen a hankali da katako. Ɗan toshin nan na wajen zubar da ruwa a jikin trompet in ya faɗi, yanki roba ka liƙa kafin ka samu na gaskiya, in ba haka ba iska na zurarewa yaro ya yi ta wahala a banza. In wani waje ya ɓalle ka kai wa mai gyaran lagireto ya liƙe da dalma, kada ka kuskura ka kai wa mai walda zai ƙona maka ita. Fatar tambur kuma ana ɗaure ta ne kamar yadda ake ɗaure notin tayar mota, wannan sannan na ɗaya gefen, ba bi da bi ba. Ƙananan abubuwa ne amma su ne ke kashe fanfar a makarantunmu, kaya su lalace ɗaya bayan ɗaya har a wayi gari sai ganga kawai ta rage.

Sai wata madam da ta ɗauke mu solfej, wato karatun rubutun kiɗa, da riƙe mawaƙa kwana uku. Tana da zafi, ba ta wasa, amma ta iya aikinta. Ita ce ta warware min wani abu da ya daɗe yana ɗaure min kai, in na ba mai trompet da mai piyano na cocin da ke kusa da mu takarda ɗaya sai a ji kamar faɗa suke. Ashe trompet a Si bemol take, in yaro ya busa Do ɗinsa abin da ke fita Si bemol ne, dole a rubuta masa nasa daban. Ta kuma ce mu daina zagin masu begila don ba su iya taken ƙasa ba, begila ba ta da piston, 'yan muryoyinta kusan biyar ne, do sol do mi sol, ba laifin yaro ba ne, a bar su da kiran fareti a ba trompet da trombon taken. Kuma a nan ta ba mu labarin da na ji daɗinsa, cewa taken Kamaru ɗin ma ɗalibai ne suka tsara shi, 'yan makarantar horon malamai ta Fulasi can kudu a 1928, tun ƙasa ba ta samu 'yanci ba. Na ce lallai wannan sai na faɗa wa yarana.

Maganar tafiya kuwa ta sa mu fili muka yi ta taku kamar 'yan siziyem, ajin farko na sakandare, mu da furfurarmu, taku 120 a minti, babbar ganga na faɗuwa a ƙafar hagu. Ta ce matsalarku duka ɗaya ce, mai babbar ganga in ya hango tribun, rumfar manyan baƙi, sai zuciyarsa ta tashi ya ƙara sauri, duk layi ya rikice, don haka kada ka ba ƙaton yaro ganga don kawai yana da ƙarfi, ba wa mai sanyin rai. Wallahi kamar ta san yaron da nake da shi. Ta kuma gaya mana zafi na sa muryar kayan busa ta hau sama, to ku tuna yadda Garwa take a watan Mayu, yara sun tsaya cikin rana tun bakwai ana jiran manya, abin da ka daidaita da safe kafin sha ɗaya ya gudu, sai an sake daidaitawa dab da a tashi.

Inda muka ɗan yi sa-in-sa da ita shi ne maganar kumatu. Ta ce duk yaron da ya kumbura kumatu yana busa a hana shi, kuskure ne. A trompet na yarda. Amma yadda ta faɗe shi kamar duk mai kumbura kumatu jahili ne ya sa na ɗaga hannu na ce Madam, mai algaitan fadar Lamiɗo fa, da kumatun nan yake ajiye iska yana shaƙa ta hanci, ya yi ta busa ba yankewa har ka gaji da ji. Ta ce wannan folklor ne, wato kiɗan gargajiya, ba ya cikin program. To ni nan ne raina ya ɗan sosu. Kwana shida cur a Garwa ana maganar busa da kiɗa, ba a gayyato mai algaita ko mai kakaki ko mai kalangu ko ɗaya ba ko na awa guda, alhali yaranmu da wannan kiɗan suka tashi a kunne, ranar sallah shi suke bi. Ina da yaro ɗan gidan makaɗa a katriyem, aji na uku, ba ya karanta ko noti ɗaya amma in ya ji abu sau biyu ya ɗauke, ba wanda ya gaya min yadda zan yi da irinsa in ban da in dasa shi gaban allo yana do re mi har ya gudu.

Babban giɓin kuma, ba su taɓo maganar iyaye ba ko kaɗan. Duk wanda ya riƙe fanfar a unguwannin Hausawa da Fulani ya san ba kuɗi ne matsala ta farko ba. Bara wani Alhaji ya same ni har gida bayan la'asar, muka gaisa ya ce "Malam, na kawo ɗana lekol ne ya zama mutum, ba maroƙi ba." Na ce Alhaji ai ba roƙo ba ne, tarbiyya ce irin ta soja, ya ce a dai cire shi, na cire shi, kuma shi ne mafi iya trombon a cikinsu. 'Yan mata kam ba a magana, ka samu mai so ka koya mata wata uku ranar defile a ce ba za ta fita ba. Da na kawo wannan a zaman tambayoyi sai matashin Yawunden ya ce in riƙa "wayar da kan iyaye". Da wane baki? Abin da ya taimake ni a hira ne na same shi, wajen shan shayi, wani malami daga Marwa ya ce shi yana rubuta wa kowane uba takarda da alkawarin cewa atisaye ranar Laraba da rana ne kawai tunda ba darasi, a tashi kafin magariba, kuma duk yaron da makinsa ya sauka shi da kansa zai dakatar da shi. Ya ce tun da ya fara haka uba biyu ne kacal suka ƙi. Shi ne kuma ya ce in daina dogara da 'yan tarminal, ajin ƙarshe, suna cin bak, jarrabawar fita, su tafi ka koma sifili, ka ɗebi 'yan siziyem da sankiyem ka yi shekara biyar kana cin moriyarsu. Wannan ba ya cikin abin da na biya, kyauta na samu da kofin shayi.

Abinci ba laifi, shinkafa da miya kullum, ranar Juma'a kifin Binuwai, kuma sun ba da lokacin masallaci ba sai da muka roƙa ba, wannan na yaba. Masauki babu, baƙi kowa ya nemi ɗan uwansa, 'yan Cadin nan biyu a ɗakin ƙanena suka kwana. Takardun kiɗan da aka yi alkawari a talla wai kowa zai tafi da kundi, fotokopi ne shafi goma sha biyu wasu ma ba sa karantuwa, sauran an ce za a turo a grup, yau wata biyu shiru kake ji. Atestasiyon kam, takardar shaida, an ba mu mai kyau da hatimi, ban dai san me zan yi da ita ba.

To in kai ma irina ne, an miƙa maka makullin sito ba ka san hawa ba ba ka san sauka ba, ka je, amma ka tambaya tukuna ko Baban nan zai zo, in ba ya cikin masu koyarwa ni dai ba zan sake biyan jaka 25 ba. Ka tafi da kayanka da suka lalace duka a buhu, kada ka ji kunya, na Pitowa har babbar ganga ya ɗauro a bayan mashin kuma ya koma da ita tana ƙara. Wanda ya riga ya iya solfej kuma darasin madam ɗin zai yi ta hamma. Ni yanzu trompet uku duk suna aiki, na sa wani ɗan uwa ya sayo min man piston kwalba biyu daga Duwala na kulle a durowata, trombon ɗin ne dai har yanzu yana wajen mai lagireto, ya ce in dawo ranar Asabar.