Ƙungiyar masu sauraro da kulob ɗin 'yan oba-oba: ina suka haɗu, ina suka rabu?

Malam, ka ce ka ga hoton wasu dattawa a Amurka zaune cikin tanti da akwatunan rediyo a gabansu, an ce kulob ɗin rediyo ne, shi ne kake tambaya ko irin ƙungiyarku ce ta masu sauraro, kuma ko taku za ta iya komawa haka. Rediyo ce dai ta haɗa ku, amma hanyar jirgi daban, ta mota daban.

Ku a tsakaninku akwai gidan rediyo. Mutum ya cika kati ko ya buga waya, ma'aikaci ya karanta gaisuwarsa, na Maraɗi ya ji na Funtuwa ya ambaci sunansa. Haka muka taso muka tarar, tun da BBC ta buɗe sashen Hausa a 1957, Rediyon Kaduna ya biyo baya a 1962. A Nijar ma a 1962 ɗin aka kafa kulob-kulob na rediyo, inda mutanen ƙauye kan taru su ji shiri, su tattauna, a naɗi muryoyinsu a kai tasha. Ko ta ina aka biyo, sai an bi ta hannun ma'aikaci.

Waɗancan kuwa, da Turawa ke ce wa ham, kowannensu shi ne tashar. Yana da na'ura mai ji kuma ta yi magana, da eriyar da ya ɗaura da hannunsa a kan rufi ko tsakanin bishiyu biyu, da lambar kira da hukuma ta ba shi tare da lasisi. Daga farkon lambar ake gane ƙasa: 5N Najeriya, 5U Nijar, 9G Gana, TJ Kamaru, TT Chadi, ST Sudan. A Amurka jarrabawar matakin farko tambayoyi 35 ce, sai ka ci 26 a ba ka. Kuma doka ta hana su talla, ta hana kiɗa, ta hana ɓoye magana, ta hana watsa shiri ga jama'a. Ka ga ke nan zaɓen waƙa, wanda shi ne gishirin ƙungiyarku, a wurinsu laifi ne.

Hoton da ka gani ina kyautata zaton na ranar fita fili ne, wadda ƙungiyarsu ta ƙasa, ARRL, ke shiryawa tun 1933, yanzu a ƙarshen mako na huɗu na watan Yuni. Na taɓa kwana a irin wannan taro a wani ƙaramin gari, kuma har yau yana raina. Da hantsin Asabar suka kafa tantuna a filin makaranta, wani ya harba zare da gwafa ya tsallake reshen bishiya, aka ja wayar eriya sama. Ba su taɓa wutar gwamnati ba, sai batir da janareta da faifan sola, domin manufar ita ce a gwada ko za a iya sadarwa ranar da komai ya lalace. Awa 24 suna kira ana amsawa, kowace tasha aka samu a rubuta. Can tsakar dare wani tsoho na zaune shi kaɗai da fitila, yatsunsa biyu na rawa a kan makullin Mos, wato 'yar na'urar aika saƙo da gajerun ƙara da dogaye, idonsa a rufe. Da rana kuma na ga an zaunar da wata yarinya da ba ta wuce shekara tara ba, mai lasisi na gefenta yana raɗa mata abin da za ta faɗa. Da wata murya ta amsa mata daga Kanada, sai ta saki makirufon ta ruga ta gaya wa uwarta.

Wannan atisaye ba wasa ba ne. Lokacin guguwar Katrina a 2005, da girgizar ƙasar Nepal a 2015, da layukan waya suka katse, 'yan irin waɗannan kulob na cikin waɗanda suka riƙa isar da saƙo.

Sauran kwanakin shekara ba su da wannan armashi. Taro ne na wata-wata, da ajin koyar da masu shirin jarrabawa, da zama na mako-mako a kan iska, inda mai jagoranci ke buɗe fage kowa ya faɗi lambarsa ya yi 'yar magana. Hirar yawanci ta eriya ce da yanayin gari.

Ta fannin zumunci kuwa, wallahi kun fi su. Ban ga suna cika mota su tafi suna ko ɗaurin aure a wani gari ba, ban ga asusun taimakon mara lafiya irin naku ba. Sai dai suna da wata al'ada da ta taɓa ni. Idan ɗayansu ya rasu, a zama na gaba akan kira lambarsa a kan iska, a sake kira, kowa ya yi tsit, sannan a sanar cewa makullinsa ya yi shiru.

To, taku za ta iya komawa haka? Canza suna ba zai yi ba, sai an samu mutane a cikinku da suka karɓi lasisi. Najeriya na da ƙungiyar masu wannan sha'awa, NARS, wadda ke cikin haɗaɗɗiyar ƙungiyarsu ta duniya da aka kafa a Faris a 1925, don haka ta nan ya kamata a nemi hanya. Ina roƙonka kada wani ya sayo oba-oba a kasuwa ya hau magana ba izini, musamman a wannan hali na tsaro da ake ciki.

Ku fara da abin da kuka ƙware a kai, wato sauraro. Zangonsu na mita 40 maƙwabcin mita 41 ne da kuka saba kamawa. Sai dai ku nemi rediyo mai maɓallin SSB, in ba haka ba muryoyin za su zo muku kamar kukan agwagwa. Ku kunna bayan magariba, ku ajiye littafi kusa, duk lambar da kuka ji ku rubuta.