Kwalin Dungeons & Dragons Starter Set: abin da na gani

Wani ɗan'uwana ya zo mana da kwalin wasan nan daga Ingila, na 2014 ɗin, kuma tun lokacin muke bugawa a bayan gida nan Mabera ƙarƙashin dogon yaro in rana ta yi sanyi, don zafin Sakkwato ba ya barin mutum ya zauna ɗaki in an ɗauke wuta. Wasan tsoho ne, tun 1974 Gary Gygax da Dave Arneson sunka fito da shi a Amurka. Cikin kwalin akwai ɗan littafin dokoki, littafin labari, jarumai 5 da anka riga anka shirya (cikinsu akwai mayaƙi, mai sihiri da ɓarawo), sai dayis 6, har da mai fuska 20 wanda shi ne uban tafiya. Mutum guda ke ba da labari, sauran kowa ya ɗauki jarumi. Ba kuɗi a ciki, ba caca ba ne, don wannan ce tambayar farko da Baba ya yi da ya ga dayis.

Abin da ya burge ni, ƙarfi kaɗai ba ya ci. Faɗan farko cikin labarin goblin 4 ne, wato wasu ƙananan dodanni, ke yi muku kwanton ɓauna a hanya, kowane makin ransa 7 kacal, in ya ƙare ya faɗi, amma suna harbi su ɓuya, in kunka watse kowa na bin nashi wallahi sai su gama da ku. Ku taru kan guda har ya faɗi, don goblin mai rauni dukansa daidai yake da na mai lafiya. Mai sihiri ya tsaya baya, sihirin barcin nan nashi ana jefa dayis mai fuska 8 sau 5, a haɗa abin da ya fito a gwada da makin ransu, sau da yawa ya isa kwantar da uku. Shi kuma ɓarawon kar ya kai hari shi kaɗai, ya jira mayaƙi ya matse abokin gaba sannan ya soka, nan yake samun ƙarin dayis.

Sannan maganar fakewa. Bayan icce ko dutse yana ƙara maka 2 a kariya, ƙanena bai yarda da amfaninta ba sai ranar da shirwa ta kawo sura muna tsakar wasa, kaza ta yi ƙara 'yan tsaki duk sunka shige ƙarƙashin amalanke, guda da ya tsaya fili shi ta ɗauke. Inna ta yi ta faɗa, mu kuwa dariya, yanzu kam ƙanen nawa ke fara tambaya ina icce. Wata rana kuma ƙadangare ya bi dayis ɗin da ya gangara yana zaton abinci ne, sai da munka kore shi. In za ku kai magariba ku haska tabarma da tocila, lokacin zafi kunama na fitowa.

Inda kwalin ya gaza: Turanci ne zalla, mai ba da labari sai ya karanta ya juya Hausa nan take, aiki ne ba ƙarami ba. Babu 'yan mutum-mutumi, mu murfin kwalba muke jerawa mu zana fili a ƙasa. Labarin kuma yana tsayawa ne in jarumai sunka kai mataki na 5 na ƙarfi, in kuna son ci gaba sai kun nemi manyan littattafan. Amma in kun kai ku huɗu ko biyar kuma akwai mai haƙurin karatu cikinku, ya isa a saya.